Tatsuniyar da Karan Dawa Ya Cinye

A gidan Kaka Yalwa ba a jin tatsuniya kyauta. Ba kuɗi take karɓa ba, don a ƙauyenmu yaron da aka gani da kwabo sai an kira uwarsa an yi bincike. Itace take karɓa. Kowane dare da yaron da itace yake kansa, kuma dokar ɗaya ce: muddin itacenka yana ci, bakinta yana motsi. Ya zama toka, ta ja zane ta rufe kafaɗa, ko da kura ta riga ta wangale baki a kan marayan da ke cikin labarin. Haka zai kwana, shi da kurar.

Saboda haka mu yaran gidan mun san itace kafin mu san baƙaƙen boko. Mun san ƙirya ce sarauniya, takan kai ka ƙarshen doguwar tatsuniya, ta bar maka garwashin gasa gyaɗa. Mun san marke ba ya ba da kunya. Sabara kuwa ta gajeren labari ce, irin wanda ake gamawa kafin mai tari ya gama tarinsa. Yaron da ya sha wuya ya jawo guntun ƙirya daga bakin rafi, ranar har tsoka ake sa masa a miya ba tare da an gaya wa kowa dalili ba.

Kaka ce ta haifi mahaifina, ita kuma ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata. Ina iya rufe ido yanzu, a nan ofis, in ga wurin: bayan girbi, rumbuna sun cika, an idar da isha'i, awaki suna tuƙa a bayan darni. Kaka tana kan kifaffen turmi da ƙwaryar gyaɗa a cinya, mu kuma mun kewaye murhu muna ture juna da gwiwa. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke buɗewa. Takan karɓi itacen ta auna shi a tafin hannu kamar mai sayen kaza, ta tura shi wuta, ta jira ya kama, sannan ta ce, “To, wuta ta karɓa. Ku fa?”

Mu ce, “Mun miƙo kunne.”

In ya ƙare kuwa, “Toka ta yi sallama.” Babu ɗaukaka ƙara.

Ina da shekara goma sha biyu takardar makarantar kwana ta zo. Darena na ƙarshe a gida, itace ya faɗo kaina. Da rana hedimasta ya ba ni aron wani littafi mai hotuna, na shige inuwar rumbu, ban ɗago ba sai da na ji kiran magariba. Daji ya yi nisa, duhu ya yi kusa. Sai na yi abin da daga baya na gane shi ne ginshiƙin aikin gwamnati: na gyara wa abu fuska. Na zare manyan karan dawa uku daga darni, na ɗaure su da rama, na shafe su da laka daga gindin randa, na mirgina a toka. A cikin duhu, in ka dube shi da kyakkyawan zato, itace ne.

Kaka ta karɓa ta auna. Ta daɗe tana aunawa, ko da yake babu abin aunawa.

“Wannan ƙiryar ta wane daji ce?”

“Ta can baya.”

“Allah Sarki, dajin can baya. Itacensa ba ya gajiyar da mai ɗauka.”

Ta tura shi wuta, muka miƙo kunne.

Wani gari ne, in ji ta, mai wuta ɗaya tak, a ɗakin wata tsohuwa can ƙarshen gari. Babu ashana, babu ƙyastu. Kullum da yamma kowane gida sai ya aiko mutum da tsingaro, wato ɓarin fasasshiyar tukunya, ya ɗebi garwashi. Ita kuwa tsohuwar ba ta da sauri. Dole ka zauna. Kana zaune za ta tambaye ka ƙafar babanka da ta kumbura, ta gaya maka wadda ta haihu, ta haɗa ka tabarma ɗaya da wanda kuka yi faɗa jiya har sai ɗayanku ya gaji ya yi dariya. Mutane suna ta gunaguni: a kan garwashi biyu sai mutum ya ba da rabin yammacinsa.

Sai wani saurayi mai dabara ya yi tafiya, ya dawo da goruna, kowace gora da wuta a cikinta. Ka buɗe ta haska, ka rufe ta yi shiru. Ba gaisuwa, ba tambayar ƙafar uba. Kowane gida ya mallaki tasa. Ciyawa ta cinye hanyar ɗakin tsohuwa, shekara bakwai ba wanda ya taka. Rannan aka yi ruwa da iska irin wanda ke kwashe jinka, gorunan nan suka mutu gaba ɗaya. Ba tuwo, ba ruwan zafi, jarirai suna kukan sanyi. Sai aka tuna da ita. Aka shiga neman tsingaro, har wasu sai da suka fasa tukwanensu masu lafiya. Gari ya ɗunguma ta cikin ciyawa. Suka isa ƙofar. Babbansu ya yi sallama, ya sa hannu ya kama asabari zai ɗaga...

Nan laka ta tsage. Karan ya tashi da wani haske kamar za a yi biki, ya yi fuu, ya kwanta.

“Toka ta yi sallama,” in ji Kaka.

Yara suka yi caa. Na sha ranƙwashi daga hannaye da ban san adadinsu ba. “Kaka, don Allah! Kaka, ko ƙofar ce a buɗe!”

“Ku tambayi Mai Kara,” ta ce, tana kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zanenta. “Shi ya kawo muku rabi. Tatsuniyar nan tasa ce yanzu. Ranar da ya kawo itace na gaske da hannunsa, zan ɗaga asabarin. Kafin nan mutanen garin su yi ta tsayuwa.”

Sunan ya bi ni. Mutanen garin kuwa sun yi ta tsayuwa shekara ashirin da tara.

Ba wai ban samu dama ba. Na dawo hutu sau da yawa, amma ɗan sakandare mai farin takalmi ba ya tsugunawa cikin yara masu majina. Da na shiga jami'a na karanta adabi, aka koya mini cewa abin da Kaka take yi yana da suna mai tsawo kuma ana samun digiri da shi. Na je mata da rana tsaka, da rikoda da littafin rubutu da turmin atamfa.

“Mai Kara, da rana? Wa ya taɓa yin tatsuniya da rana in ba wanda yake son ɓata a daji ba?”

“Bincike ne, Kaka. Ƙarshen kawai nake so.”

“Ina itace?”

Na nuna mata atamfar. Ta shafa ta, ta yaba zanen. “Wannan ma tana ci da wuta,” ta ce, “amma ba ta kai karanka daɗewa ba.” Ta karɓi atamfar, na koma da rikodata babu komai a ciki sai kukan zakara.

Yau ina aiki a Abuja, a wata hukumar tarayya da aka kafa don adana al'adu. Aikina shirya taruka a otal, inda manyan mutane suke shan shayi suna jimamin mutuwar adabin baka. Na gabatar da takardu uku a kan mutuwar tatsuniya. An tafa mini duka ukun.

Da fitina ta cinye yankinmu, ƙauyen ya watse. Kaka ta iso Abuja a bayan babbar mota tare da maƙwabta, aka sauke su a Kuchigoro, inda 'yan gudun hijira suka kakkafa ɗakunan buhu da langa-langa. Can na same ta, ta rame, tana zaune a kan bulo. Na ɗauko ta a ranar. Ina sonta, wannan gaskiya ne. Amma ina kuma tsoron abin da mutane za su ce, kuma ban taɓa zama na auna wanne ya fi nauyi ba.

Gidanmu na haya ne, hawa na biyu, a wani rukunin gidaje bayan Apo. Muka ba ta ɗaki mai tayil da na'urar sanyi da talabijin. Muka ba ta komai, ban da abin yi. Matata Bilkisu ta yi iya ƙoƙarinta, har kunun tsamiya ta koya saboda ita. Kaka takan gaisa, ta yi salla, ta taɓa abinci, ta zauna tana kallon bango. Wata bakwai. Kuma ta daina ce mini Mai Kara. Alhaji take ce mini, ni da ban taɓa wuce Legas ba. Sunan da ake kiran baƙo mai mota ke nan.

Yarana biyu ne, Hanan mai shekara bakwai da Faruk mai huɗu. Makarantarsu ta Turanci ce zalla, kuma ni na zaɓe ta da alfahari. Hausarsu ba ta wuce “ina kwana” da “na ƙoshi” ba. Sukan leƙa ɗakin Kaka kamar masu leƙa ɗakin adana kayan tarihi, su gaisa, su gudu. Sau ɗaya, a mota, cikin cunkoso, na ba Hanan labarin dokar itace da Turanci, a matsayin abin dariya. Ta yi dariyar. Ban ɗauka ta riƙe ba.

Bilkisu ce ta kawo maganar fim.

“Abban Hanan, yaran nan sun hana ni sakat da zancen sinima. Wai duk ajinsu an je.”

“Ki gaya musu tikitin mutum huɗu da guggurun can ya isa cefanen mako.”

“Kai ka gaya musu, kai ne mai digiri a magana. Ko kuwa mu yi musu a gida? Sai mu fito da Kaka ma ta zauna cikinsu. Fim ɗin katun na yara ba ya bukatar tafinta.”

Wannan ya shige ni. Ga hanyar da kaka da tattaɓa-kunnenta za su zauna wuri ɗaya ba tare da kowa ya buɗe baki ba, wanda a lokacin na ɗauka shi ne maganin matsalar. Na tsara daren yadda nake tsara taro, har da takarda. Na ari majigi a wurin wani abokin aiki, da sharaɗin in mayar ranar Litinin. Muka manna farin zanen gado a bangon falo. Bilkisu ta yi gugguru a tukunya, rabi ya ƙone, muka ce na manya ne. Aka dafa zoɓo da citta. Muka jawo katifu ƙasa. Hanan ta yanka tikiti daga tsohuwar kalanda ta tsaya a ƙofa tana karɓa da fuskar ma'aikaciyar banki. Faruk ya tauna nasa, aka yi shari'a, aka yi masa afuwa. Za a fara bakwai da rabi, a gama kafin tara, kowa ya kwanta.

Amma abin da na fi alfahari da shi janareta ne. Ɗan ƙaramin injinmu mai taurin kai, wanda sai an ja igiyarsa sau goma ana istigfari. Ranar na sa an wanke shi, na cika shi da fetur, na ajiye shi a baranda. Na ce wa Bilkisu, “Yau ko me za a yi, fim ɗin nan sai ya kai ƙarshe.”

Hanan ce ta kai wa Kaka tikitinta. Kaka ta fito a hankali tana dafa bango, ta ƙi kujera, ta zauna a gefen katifa ta miƙe ƙafa. Aka kashe fitila. Wani zomo mai wando ya bayyana a kan zanen gadonmu yana magana ta hanci.

Kaka ta kalle shi na ɗan lokaci. Sai ta juyo ga Bilkisu.

“Shi wannan zomon, ɗan gidan wa ne?”

“Kaka, ba a faɗa ba.”

“To. Shi ya sa yake ta gudu.”

Bilkisu ta toshe baki da mayafi. Wannan ce magana mafi tsawo da muka ji daga bakin Kaka tun zuwanta, kuma na sa ta a jerin nasarorin tsarina.

Ba a yi minti ashirin ba aka ɗauke wuta.

Duhu ya rufe falon. Faruk ya fasa kuka. Bilkisu tana laluben wayarta, ni kuwa na miƙe da farin cikin mutumin da bala'in da ya yi wa tanadi ya iso a kan lokaci. Ina daf da ƙofar baranda na ji muryar.

“Mai Kara.”

Na tsaya.

“Ina itace?”

Ba zan ce ban ji ba, kuma ba zan ce ban gane ba. Mutumin da ya rubuta takardu uku ba shi da wannan mafaka. Na gane sarai cewa tsohuwar nan, wadda ta bar gidanta da rumbunanta da kaburburan 'ya'yanta, ta ga duhu da yara a zaune a ƙasa, ta ji kamar ta san wurin. Ta kama asabari za ta ɗaga. Abin da na yi shi ne dariya.

“Haba Kaka, itace a Abuja? Gas muke da shi. Kuma dokar gidajen nan ta hana hura wuta. Bari in tayar da inji, minti biyu.”

Na ji Hanan tana tambayar uwarta da Turanci me Kaka ta ce. Bilkisu ta gaya mata. Sai na ji ƙafafunta a kan tayil, da ƙarar zif ɗin jakar makaranta. Lokacin Bilkisu ta kunna fitilar waya, ni kuma ina baranda na riga na naɗa igiyar inji a hannu, don haka na ga komai ta ƙofa. Hanan ta durƙusa a gaban Kaka, ta sa mata fensir a tafin hannu. Sabon fensir, rawaya, ko fiƙe shi ba a yi ba. Ta faɗi kalmar da ta koya a minti ɗayan da ya wuce, da harshenta na 'yan makaranta:

“Kaka. Itace.”

Kaka ta ɗaga hannun sama, ta sauke. Ta sake ɗagawa. Ta auna shi yadda take auna ƙirya.

“Yana da nauyi,” ta ce. “Ya fi na ubanki.”

“Abban Hanan,” in ji Bilkisu a hankali, “dakata mana.”

Kaka ta gyara zama. Ta gyara murya, wannan gyaran muryar da na sani tun kafin in san sunana. Faruk ma ya daina kuka. Ta ce, “To, wuta ta...”

Na ja igiyar.

Na sha tambayar kaina dalili, kuma amsoshin duk ƙanana ne, abin kunya. Na sayi fetur. Majigin na aro ne, Litinin za a mayar. Na yi alkawarin fim zai kai ƙarshe. Na ce a raina bayan fim, ko gobe, ko wani satin in na samo itace na gaske, a yi abin da tsari, wataƙila ma in ɗauka a waya. Na tsara daren nan tun daga farko har ƙarshe, kuma wannan ba ya cikin takarda.

Injin da bai taɓa tashi a ja ɗaya ba, ranar ya tashi.

Ƙara ta cika gidan, haske ya dawo, zomo ya ci gaba da gudunsa. Faruk ya yi tafi. Hanan ta tsaya kallon Kaka na ɗan lokaci, sannan kanta ya juya ga zanen gadon a hankali. Shekararta bakwai, ba ni da abin cewa a kanta. Na ga bakin Kaka yana motsi kaɗan, ba wanda ya ji. Sannan ya daina. Ta dafa bango ta miƙe.

“Sai da safe, Alhaji.”

Fim ya kai ƙarshe. Zomon ya yi nasara. Bilkisu ba ta yi mini magana ba sai da rana ta biyu.

Ranar Juma'ar da ta biyo, Kaka ta ɗaure kayanta a zane ta ce in mayar da ita Kuchigoro.

“Kaka, me muka rage ki da shi?”

“Ba komai. Ai shi ne.”

“Can babu ruwa, babu wuta, ga sauro.”

“Akwai hayaƙi.”

“Mutane za su ce na kori kakata.”

“Ka ce musu likita ne ya rubuta mini hayaƙin, safe da yamma.”

Na mayar da ita. Ta sauka a ɗakin Mama Rahila, maƙwabciyarta ta ƙauye, Kirista, wadda suka shekara arba'in suna miƙa wa juna garwashi ta saman darni, kuma mota ɗaya ta kawo su. Kowane ƙarshen wata nakan je da shinkafa da madara da magani. Da rana nake zuwa, in tafi kafin la'asar saboda cunkoson hanyar filin jirgi. Nakan ga tarin guntayen katako a bakin ƙofarsu, na akwatin tumatir da ragowar masu gini, wanda yaran sansanin suke tsintowa. Na san na mene ne. Kowane zuwa sai in ce a raina, wata mai zuwa.

Wata goma aka yi a haka. Ta rasu ranar wata Talata bayan zazzaɓin kwana biyu, ina kan babban tebur ina jagorantar zama, wayata a kashe. Na iso an riga an yi mata sutura.

Ranar sadakar uku na zo da buhun shinkafa. Bayan an watse, Mama Rahila ta biyo ni har mota. Na buɗe but, ta leƙa, ta daɗe tana dubawa kamar ta yar da wani abu a ciki.

“Shinkafa ce kawai?”

“Akwai man gyaɗa, Mama.”

“An gode. Allah ya saka.” Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya. “Ɗana, bai kamata in gaya maka ba, amma ni ma na tsufa, ba na son in tafi da kayan mutane. Kakarka ta bar maka saƙo. Ta ce, in ya zo da itace, ki ba shi ƙarshen tatsuniyarsa. In ya zo da shinkafa, ki karɓa ki yi masa godiya.”

Ta kwance bakin zanenta ta ciro fensir. Rawaya, ba a fiƙe ba.

“Wannan kuma na yarinyar ne. Ta ce yarinya ta kawo itace mai kyau, ita ce ba ta samu ta ba ta komai ba. A mayar mata da abinta.”

Ranar Asabar na kama hanyar Kwali, har na samu matan Gbagyi da suke jera itace a bakin titi. Na ce ƙirya nake so, babba. Matar ta dube ni, ta dubi motar.

“Oga, biki za ka yi?”

“Mutum uku ne.”

“To wannan ya yi maka yawa.”

“Shi nake so.”

Na ɗauke shi da hannuna, ya ɓata mini riga. Na biya gida na ɗauki Hanan, muka isa Kuchigoro ana idar da magariba. Mama Rahila ta tura itacen tsakanin duwatsu uku, ta yi ta fifita da murfin kwano har ya kama. Ba ta auna shi ba. Ta ce ita ba ta iya wannan ba, saƙo kawai aka ba ta.

“Suka ɗaga asabari,” ta ce, tana kallon wutar. “Wuta tana nan. An rufe ta da toka yadda ake yi don ta kwana, garwashin ja wur. Ga tsingaro an jera a gefen murhu, na kowane gida, an goge su. Tsohuwar ce babu. Kowa ya ɗebi wuta. Ba wanda ya tsayar da su, ba wanda ya tambayi ƙafar uban kowa. Suka koma gida da sauri, yadda suka daɗe suna so.”

Ta ajiye murfin kwanon.

“Shi ke nan?” na ce.

“Ta ce za ka tambaya. Ta ce in gaya maka, da ka ƙara kara ɗaya a wancan daren, da ka ji.”

Itacen ko gefensa bai gama kamawa ba. Ƙirya ce ta gaske, matar ba ta cuce ni ba. Tana iya ɗaukar tatsuniya goma ta bar garwashin gasa gyaɗa. Muka zauna muna kallonta tana ci, mu uku, babu mai tatsuniyar da zai bayar.

Hanan ta ja hannun rigata ta tambayi me aka ce. Na ba ta labarin da Turanci tun daga farko, bai ɗauke ni minti biyu ba. Ta yi tunani, sannan ta tambayi ina tsohuwar ta tafi. Na ce ban sani ba, tatsuniyar ba ta faɗa ba. Ta ce, ba wanda ya tambaya?

Ina yaro na ɗauka darasin daren kara shi ne kada ka yi ha'inci, ko in za ka yi, ka sa laka mai kauri. A jami'a na rubuta cewa tatsuniyar tana magana ne a kan zamani da yadda yake raba jama'a, aka ba ni maki mai kyau a kan labarin da ban san ƙarshensa ba. Sai a gaban wannan ƙiryar na gane Kaka ba ta taɓa bukatar itacenmu ba. Rumfarta cike take da itace, ita ce ma take ba maƙwabta. Abin da take aunawa a tafin hannu shi ne yammacin da ka bayar: tafiyar da ka yi zuwa rafi, wasan da ka bari, ƙayar da ka taka. Shi ya sa atamfa ba ta yi ba, shinkafa ba ta yi ba, ɗaki mai sanyi bai yi ba. Duk abubuwa ne da mutum yake bayarwa don kada a ce ya zauna. Fensir ya yi, domin shi ne abin da yarinyar take da shi, kuma ta tashi a cikin duhu ta je ta ɗauko.

Har yanzu mukan yi daren fim, na ma sayi majigi na kaina, na hannu. Yara suna so, kuma ba shi da tsada. Sai dai in an ɗauke wuta, Hanan ta kafa doka: ba a tayar da inji. Faruk ya yi ta mita, ita kuwa ta lalubo jakarta, ta zo ta sa mini fensirin nan a hannu, har yau ba ta yarda an fiƙe shi ba. Ta zauna ta naɗe ƙafa tana jira. Daga darare ɗari-ɗari na gindin murhu, tatsuniya ɗaya ce ta rage mini cikakkiya, kuma ba ni da muryar. Nakan ɗaga fensirin in sauke, in sake ɗagawa, don in sayi lokaci.

Kaka ba ta yi kuskuren awo ba. Ya fi nawa nauyi.